Gargaɗi Kan Masu Sayar da Mutum-mutumin Filasta da Sunan Kayan Tarihin Nok

Ana jan hankalin jama'a game da wasu 'yan damfara da ke saka hotunan ƙananan mutum-mutumi a Facebook da WhatsApp, suna cewa wani manomi ne ya tono su a gonarsa a kudancin Kaduna, kuma wai kayan tarihin tsohuwar al'ummar Nok ne da Turawa ke nema ido rufe. Daga nan sai su nemi a tura kafin alƙalami tun ba a ga kayan ba, wanda cinikin biri a sama ne tsantsa.

Abin da ke hannunsu galibi filasta ne, wato garin POP ɗin nan da ake yin silin da shi. Su kuwa mutanen Nok da yumɓu suka yi aikinsu suka gasa shi a wuta, tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An fara cin karo da aikin nasu a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, daga baya Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya yi nazarinsa, shi ne kuma ya jagoranci kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Yumɓun Nok yana da kaushi da ƙananan tsakuwa a jikinsa, da hannu aka gina shi, idanun kuma suna da kusurwa uku da huda a tsakiya. Filasta kuwa ba shi da nauyi, cikinsa fari fat ne idan aka ɗan kankare ƙasansa, farce ma yana iya karce shi, kuma sau da yawa za a ga siririn layi a gefe inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu, da 'yan ramukan kumfar iska. Duhun da ke jikinsa ba shaidar tsufa ba ne, domin ruwan shayi da man takalmi da binnewa a ƙasa na 'yan makonni sun isa su samar da shi.

Mutum-mutumin filasta da ba shi da tambari ko sunan maƙerinsa ba ya bayyana shekarunsa, tunda mazubi ɗaya yana iya fitar da ɗaruruwa iri ɗaya. Gwajin da masana ke yi a ɗakin bincike yana auna lokacin da aka gasa yumɓu ne, saboda haka duk takardar gwajin da aka haɗa da kayan filasta ba abin dogaro ba ce. Waɗanda suka fi gogewa a wannan ha'inci har gutsuren tsohon kasko na gaske suke mannawa a inda suka san za a ɗebi samfur.

Ko da a ce kayan na gaske ne, mai saye bai tsira ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su ƙasashen waje ba da izininta ba. Wanda aka yi wa irin wannan tayi kada ya tura ko sisi. Ya adana hotunan da saƙonnin, ya kai su ga jami'an gidan tarihi na Jos ko na Kaduna ko Gidan Makama da ke Kano.