Ajin koyon saƙa a Tudun Wada: tsakanin kwarashi da allura biyu

A Tudun Wadar Kaduna, kusa da Kasuwar Barci, akwai wata malama da ta mayar da zauren gidanta ajin koyar da mata saƙar hannu, kuma ina cikin waɗanda suka yi karatu a wurinta. Abin da ya bambanta ajin da sauran da na sani shi ne ana koyar da saƙa iri biyu a cikinsa, ta kwarashi da ta allura biyu, don haka ɗaliba kan samu damar gwada kowacce da hannunta kafin ta san wadda za ta riƙe.

Da kwarashi ake farawa, kuma a ganina wannan shi ne daidai. Ƙugiya ɗaya ce a hannu, madauki ɗaya ne a kanta a mafi yawan lokaci, saboda haka idan an yi kuskure sai a zare ta, a ja zaren, a warware zuwa inda aka ɓata, a ci gaba. Malama tana ba sabuwar shiga kwarashi mai kaurin milimita 4 da zare mai haske, domin baƙin zare yana ɓoye idon saƙa ga wadda ba ta saba ba. Takan zauna kusa da ɗaliba har sai sarƙar farko ta daidaita, tana cewa, "Saki hannunki, 'yata, zaren ba guduwa zai yi ba." Wannan haƙurin nata shi ne abin da na fi yabawa a ajin, domin matse zare ne ke sa mata da yawa su yanke ƙauna tun a makon farko. Ba a daɗe ba muka fara fitar da hular jarirai, da takalmansu, da ƙananan jakunkuna.

Saƙar allura biyu kuwa sai an natsu. Madaukai da yawa ne ke jere a kan allurar a lokaci guda, kuma idan ɗaya ya suɓuce ba a lura ba, sai ya yi ta warwarewa zuwa ƙasa ya bar gibi a tsakiyar aikin. Amma abin da take fitarwa ya fi laushi, ya fi miƙewa, ya fi kwanciya a jiki, shi ya sa rigar sanyi da safa suka fi kyau da ita. Jaririn da aka sa wa rigar kwarashi mai kauri a sanyin Disamba yakan takura a wuya da hammata, alhali ta allura tana bin motsinsa. Ga shi kuma ba ta cin zare kamar kwarashi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen curi ɗaya ɗaya.

A nan ne nake da ƙorafi a kan ajin. Lokacin da aka ware wa allura biyu ya yi kaɗan, kuma ana shiga ta ne bayan hannu ya riga ya saba da saurin kwarashi, sai ɗalibai su ga kamar an mayar da su baya. An nuna mana yadda ake ɗora madaukai da saƙar gaba da ta baya, amma rage madaukai domin fitar da wuya da hannun riga, wanda shi ne ainihin wahalar aikin, a gurguje aka wuce shi. Allurar da aka haɗa da igiya, wadda ake saƙa hula da ita ba tare da ɗinki ba, guda ɗaya ce a ajin, sai an bi layi.

Na fahimci dalilin Malama, domin yawancin ɗalibanta sana'a suka zo nema. Injin saƙa ya daɗe a duniya, tun 1589 William Lee ya ƙirƙiro shi a Ingila, kuma mai inji za ta gama riguna da dama kafin mai allura ta gama ɗaya. Ita kuwa saƙar kwarashi ta gaskiya inji ba ya yin ta, don haka mai ita ba ta gasa da kowa sai 'yar'uwarta mai hannu. Duk da haka, akwai masu zuwa domin sha'awa kawai, kuma ya kamata a buɗe musu zango na musamman.

Zaren da ake amfani da shi a ajin na roba ne, irin wanda muke kira ulu, wanda ake samu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Yana jure wanki, amma dutsen guga mai zafi yana narkar da shi, kuma yana sa zufa da zarar bazara ta shigo. Na auduga ya fi dacewa da zafinmu, sai dai samunsa da wuya, abin da ke ba ni takaici a garin da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri tun 1957. Wadda za ta shiga ajin da nufin saƙa wa 'ya'yanta rigar hunturu, ta fara tun damina ba ta ƙare ba, ta sayi nata alluran masu milimita 4, kuma ta roƙi Malama tun ranar rajista ta ƙara mata lokaci a kan wuyan riga.