Gwajin zink a wani lab a Kaduna: aiki da kyau, bayani ne babu

Masu tambaya ko ana gwajin zink (wani sinadari da jiki ke buƙata daga abinci) na jini a nan Kaduna, eh ana yi, amma ba kowane lab ba. Ni likita ce ta tura ni wani na kuɗi saboda gashina yana ta zuba kuma abinci ya daina min ɗanɗano, ta ce a duba kafin in fara shan komai.

Gurin tsaf yake gaskiya, ba dogon layi, kuma yarinyar da ta ɗebi jinin ta san aikinta wallahi, ba ta ɗaure min hannu ta bar ni ina jira ba, nan take ta ɗiba. Kwalbar ma daban ce, mai murfi shuɗi mai duhu, na tambaya ta ce ta musamman ce don robar murfin wasu kwalaben tana ɗauke da zink sai ta ɓata sakamako, haka kuma in ƙwayoyin jini suka fashe wajen ɗiba lambar sai ta hau ta ƙarya, don zink ɗin cikin jajayen ƙwayoyin ya ninka na ruwan jini sosai. Wannan kam na yaba musu.

Inda suka gaza shi ne gurin karɓar kuɗi. Ba wanda ya tambaye ni ko na ci abinci, ko ina zazzaɓi, ko ina shan ƙwayar tazarar haihuwa, alhali duk waɗannan suna saukar da lambar, har ciki ma yana saukar da ita. Gwajin nan da safe ake yinsa kafin a karya, likitata ce ta ja min kunne tun a asibiti shi ya sa na je da yunwata, amma wata baiwar Allah da na tarar tana cin fanke a benci haka aka ɗebi nata ba wanda ya ce uffan, to ita wane sakamako za ta samu fisabilillahi? Ga kuɗin ba kaɗan ba, ya fi na gwajin maleriya da taifod nesa ba kusa ba, kuma sai sun aika Legas don haka sai ka yi haƙurin jira.

Takardar ta zo da lamba ɗaya jal da ma'aunin 70 zuwa 120, tawa tana ƙasa kaɗan sun sa mata ja, har gabana ya faɗi. Likita ta ce in kwantar da hankalina, duk zink ɗin jikin mutum giram 2 zuwa 3 ne kuma yawancinsa yana cikin tsoka da ƙashi, wanda ke yawo a ruwan jini ɗan mitsitsi ne, shi ya sa ba a yanke hukunci da takarda kaɗai sai an haɗa da alamomi da abin da kake ci. Da ta ji tuwon masara da wake ne kullum nama sai jefi-jefi sai ta gyaɗa kai, wai hatsi da wake suna da wani sinadari da ke riƙe zink ya hana hanji tsotsarsa, amma jiƙa gero ya yi tsami irin na koko yana rage shi. Mace miligiram 8 take buƙata a rana, namiji 11, kuma babba kar ya wuce 40 don yawansa yana hana jiki samun sinadarin kofa, wato jan ƙarfe.

Duk da haka mutanen lab ɗin sun fi masu injin nan da ake ɗora tafin hannu kwamfuta ta zayyano maka cututtuka goma sannan a sayar maka da kwalabe, wancan kam ba gwaji ba ne. Tauraro uku da rabi na ba su. Suna karɓar tiransfa, amma ka kira tukun ka tabbatar kwalbar shuɗiyar tana ƙasa kafin ka ƙona kuɗin Keke.