Shafin sakamakon zaɓen kansiloli na BBC: yadda ya yi mini aiki ranar da Kent ta sauya hannu

Aikina kula da tsofaffi ne a wani gida a lardin Kent, kudu maso gabashin Ingila, kuma yawanci aikin dare nake yi. Da yawa daga cikin mutanen da nake yi wa wanka, nake ba magani, majalisar lardi ce ke biyan kuɗin zamansu, ko duka ko wani kaso. Saboda haka zaɓen kansiloli a wurina ba labarin wasu ba ne. Duk wanda ya riƙe majalisar nan da ke Maidstone, shi zai yanke nawa za a ware wa kula da tsofaffi da masu naƙasa, wanda shi ne ya fi komai cin kuɗi a kasafinta, kuma ta nan albashina ke gangarowa.

Ranar Alhamis 1 ga Mayun 2025 na je rumfar zaɓe da fasfona a jaka, tunda tun 2023 ba a ba mutum takardar ƙuri'a a Ingila sai ya nuna shaida mai hoto. Mu 'yan ƙasashe rainon Ingila da ke da izinin zama muna da damar jefa ƙuri'a, abin da har yau wasu 'yan'uwa ba su sani ba. Na jefa tawa, na wuce wurin aiki. Ƙarfe goma na dare aka rufe rumfuna, kuma daga lokacin har yammacin Juma'a shafin sakamakon zaɓe na BBC ne a buɗe a wayata. A kansa nake son yin magana, domin wanda zai nemi inda zai bi sakamako a zaɓe na gaba.

Amfani da shi ba wuya. Kyauta ne, karanta shafin ba ya buƙatar lasisin talabijin, sai in kallon shirin kai tsaye za ka yi. A sama akwai allon ƙidaya: kowace jam'iyya da yawan majalisun da ta kama, da yawan kansilolinta, da abin da ta ƙara ko ta rasa. Akwai taswira, akwai gurbin da za ka rubuta lambar adireshin unguwarku ya kai ka shafin majalisarku, sannan ga shafin rahoto kai tsaye da wakilai ke aiko wa labari daga zaurukan ƙidaya. Intanet ɗin wurin aikinmu ba shi da ƙarfi, amma shafin yana buɗewa, lambobin kuma suna sabunta kansu.

Abu na farko da ya sa na amince da shi shi ne haƙurinsa. Cikin dare kusan babu sakamako, domin yawancin majalisu 23 da aka yi zaɓe a cikinsu sai da gari ya waye suka fara ƙidaya. Shafin bai ƙirƙiro komai don cike wannan gurbi ba. Ya faɗi majalisu nawa suka bayyana, nawa suka rage, ya bar taswirar fayau. A daidai lokacin, a wani zauren WhatsApp da nake ciki, an riga an fara yawo da wani hoto mai lambobi wai sakamakon Kent ne, alhali ko akwati ɗaya ba a zazzage ba. Akwai kuma shafin wata jarida, ba zan kira sunanta ba, da na leƙa wajen ƙarfe biyu: talla ta rufe rabin allon, kanun labarin yana sanar da nasara, cikinsa kuwa hasashe ne zalla. Na rufe shi ban sake komawa ba.

Abin da ya raya daren shi ne zaɓen cike gurbi na ɗan majalisar dokoki a Runcorn da Helsby, wanda aka haɗa rana ɗaya da na kansiloli. Kujera ce da Labour ta ci da ratar ƙuri'u fiye da 14,000 a 2024. A ƙidayar farko tazarar ƙuri'a huɗu ce, aka sake ƙirgawa. Ina tsakanin ɗakuna, in juya wannan tsohuwa, in duba numfashin wancan tsoho, in dawo in leƙa waya, shafin yana nan a kan maganarsa: ana sake ƙidaya, ba a sanar ba. Sai wajen ƙarfe shida na safe jami'in zaɓe ya karanta, Sarah Pochin ta jam'iyyar Reform UK ta ci da ƙuri'a shida. A lokacin ne shafin ya sa sakamakon, ba kafin nan ba.

Na koma gida na ɗan runtsa. Bayan azahar maigidana ya kira daga wurin aikinsa.

"Maman yara, wai da gaske ne Kent ta tafi?"

Na ce, "Abban yara, bari in duba maka, kada in faɗi abin da ban gani ba."

Na duba. Kujeru 81 ne a majalisar Kent, kuma da ƙidaya ta kammala Reform na da 57, Liberal Democrats 12, Conservative kuwa biyar kacal. Conservative ɗin nan ita ce jam'iyyar da ta riƙe lardin tun 1997, wadda ta ci kujeru sama da 60 a 2021. Shugaban majalisar kansa, Roger Gough, ya rasa kujerarsa. Na daɗe ina kallon allon, domin mutanen da shekara da shekaru suke sa hannu a kwangilar gidaje irin wanda nake aiki a ciki, a yini ɗaya sun tashi daga kujerun.

A nan ne shafin ya yi mini aikin da na fi yaba masa, wato bayyana da me ake auna riba da asara. Duk wanda ya bi sakamako a wurare biyu ya san lambobin kan saɓa, har mutum ya zaci wani na yin ƙarya. Dalilin shi ne ma'auni biyu ne. BBC na kwatanta sakamakon yau da na ranar da aka yi takarar waɗannan kujeru a karon baya, a nan 2021 ke nan. Wasu kafafen kuma suna kwatantawa da yadda majalisa take ana gobe zaɓe, bayan wasu kansiloli sun sauya sheƙa, wasu sun rasu an cike gurbinsu. Duka biyun ba ƙarya ba ne, amma ni na fi gamsuwa da na farko, domin shi ke nuna yadda masu zaɓe suka sauya ra'ayi, ba yadda kansiloli suka sauya riga ba. Kuma sanin cewa 2021 ce ma'auni yana gyara fahimta sosai. Shekarar ce Conservative ke kan ganiyarta, Boris Johnson na firaminista, ana ta yabon rigakafin korona, har suka ƙwace kujerar ɗan majalisar dokoki ta Hartlepool daga hannun Labour a rana ɗaya da wancan zaɓe. Daga wannan tsauni suka faɗo, shi ya sa asarar kujeru sama da 670 ta zo musu a lokaci guda. Labour kuwa dama ba ta da yawa a waɗannan lardunan, amma duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na abin da take karewa ya tafi, ta tsira da 98.

Jimillar da allon ya tsaya a kai: Reform kansiloli 677 da majalisu goma, cikinsu har da Kent, Lancashire, Staffordshire, Derbyshire, Nottinghamshire, Lincolnshire da Durham. Liberal Democrats 370 da majalisu uku, wato Oxfordshire, Cambridgeshire da Shropshire. Conservative 319, ba majalisa ko ɗaya a hannunta. Sauran goma babu mai rinjaye.

Sai hasashen kason ƙasa baki ɗaya, wanda Farfesa John Curtice na Jami'ar Strathclyde da tawagarsa ke fitarwa. Suna ɗaukar ƙuri'un wasu zaɓaɓɓun mazaɓu su lissafa yadda abin zai kasance da a ce duk Birtaniya ta yi zaɓe a ranar. Reform kashi 30, Labour 20, Liberal Democrats 17, Conservative 15, Green 11. Wannan lissafi yana da muhimmanci musamman a 2025, domin ba a yi zaɓe a Landan ba, ba a yi a Scotland da Wales ba, an kuma ɗage shi a yankuna tara, irin su Essex, Surrey, Norfolk da Hampshire, saboda shirin sake fasalin ƙananan hukumomi. Wuraren da suka yi zaɓe yawanci karkara ne da ƙananan garuruwa. Ba don wannan hasashe ba, da mutum zai ɗauki hoton ɓangare ɗaya ya ce ƙasar ce. Kuma shi ne ya nuna mini abin da ya fi ba ni tunani: jam'iyyar da ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na ƙasa ba tana iya kwashe kujeru bakwai cikin goma na majalisa, saboda a kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a shi ke ɗauka, ko da sauran huɗu sun raba mafi yawan ƙuri'un a tsakaninsu.

Inda nake jan hankalin mai karatu shi ne taswira, kuma wannan ya shafi taswirar zaɓe ko ta wace kafa ce. Launi yana gaya maka wanda ya ci kujeru, ba ya gaya maka wanda zai yi mulki. Majalisun da babu mai rinjaye launi ɗaya ake shafa musu, alhali labarinsu ba ɗaya ba ne. A Buckinghamshire Conservative ta samu 48 cikin 97, kujera ɗaya tak ta hana ta rinjaye. A Cornwall Reform ce ta fi kujeru, 28, Liberal Democrats na bi mata da 26, amma da aka zauna, Liberal Democrats ne suka haɗa kai da 'yan takara masu zaman kansu suka karɓi ragama. A Warwickshire kuwa Reform ba ta kai rabi ba, amma ita ta kafa mulki, har daga baya George Finch ya zama shugaban majalisar yana ɗan shekara 19. Duk waɗannan a ranar sakamako kala ɗaya suke a taswira.

Doncaster ta fi su rikitarwa. Reform ta ci 37 cikin kujeru 55, taswira ta ba ta garin. Sai dai Doncaster na da magajin gari da jama'a ke zaɓa kai tsaye, kuma a hannunsa ikon zartarwa yake. Ros Jones ta Labour ta riƙe wannan kujera da ratar ƙuri'u kusan 700. Bayanin yana nan a shafin, amma a sashen magadan gari, tare da nasarar Andrea Jenkyns a Lincolnshire da ta tsohon ɗan dambe Luke Campbell a Hull da gabashin Yorkshire, dukansu 'yan Reform. Wanda ya tsaya a taswira kaɗai zai tafi da rabin labari. Haka Durham, inda aka rage kujeru daga 126 zuwa 98 saboda sake shata iyakokin mazaɓu. Riba da asarar da aka nuna a can ƙiyasi ne na yadda 2021 za ta kasance a kan sabbin iyakoki, kuma sai ka karanta bayanin da ke ƙasa za ka gane haka.

Ƙaramin abu ɗaya: shuɗin Conservative da shuɗi mai haske na Reform, launukan da jam'iyyun suka zaɓa wa kansu, suna kama da juna in ka rage hasken waya, kamar yadda dole nake yi a ɗakin masu barci. Taɓa lardin da yatsa, sunan jam'iyyar zai fito.

Sunan wanda ya ci mazaɓata, da ƙuri'un kowane ɗan takara, a shafin majalisar Kent kanta na same su, kuma nan nake ba kowa shawarar ya nufa in wannan yake nema. Shafin BBC na babban hoto ne.

Akwai kuma wani bayani da na so a ce abokan aikina sun karanta, wanda ke fayyace abin da majalisar lardi ke iko da shi. Yawancinmu baƙi ne, kuma ranar Asabar da na koma aiki na tarar da tsoro a fuskoki, wata har tana tambaya ko sabbin kansiloli za su soke mana biza. Majalisar lardi ba ta da hannu a biza. Nata shi ne kula da tsofaffi da yara, tituna da ramukansu, ɗakunan karatu, motocin kai yara makaranta, da wuraren zubar da shara. Kwashe shara daga ƙofar gida da izinin gini ma na majalisar gunduma ne, wadda ba a zaɓa ba a ranar. Biza ta gwamnatin ƙasa da ke Landan ce, kuma gwamnatin Labour ce, kwana goma sha ɗaya bayan zaɓen, ta sanar da cewa za ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. A ranar Asabar ɗin na buɗe wa abokiyar aikin nan bayanin ikon majalisar lardi a wayata muka karanta tare a ɗakin shan shayi, hankalinta ya ɗan kwanta, ko da yake damuwar kasafin kuɗi tana nan, kuma wannan ta gaske ce.

Zan sake amfani da shafin a zaɓe mai zuwa, kuma na riga na tura wa mutanen zaurenmu shi, na roƙe su kada kowa ya sake yaɗa lamba sai ya gan ta a can ko a shafin majalisa. Kafin watan Mayu ya ƙare kansilolin Reform suka ɗora Linden Kemkaran a kujerar shugabancin majalisar Kent. Tun daga lokacin shafin da na fi buɗewa shi ne na majalisar, sashen da ake sa takardun zaman kwamitin kula da tsofaffi da masu naƙasa, domin a can ne za a rubuta nawa za a biya gidanmu kan kowane gado a shekara mai zuwa.