Hattara da masu na'urar "buɗe ƙofofin magnisiyam"

Jama'a, assalamu alaikum. Don Allah duk mai dattijo a gida da ke fama da hawan jini, ciwon suga ko ciwon ƙoda ya tsaya ya karanta wannan, ya kuma tura wa 'yan uwa.

Akwai wasu da ke bin gidajen biki da majalisun mata, ɗauke da 'yar kwamfuta da wani guntun ƙarfe da ake damƙewa a tafin hannu. A gidan suna suka samu gwaggona watan jiya. Ta riƙe ƙarfen minti biyu, allon ya cika da jan rubutu. Yaron, cikin farar riga irin ta likitoci, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, ai ƙofofin magnisiyam na ƙwayoyin halittarki duk sun toshe. Shi ya sa ƙafa ke ɗaure miki da dare, barci ya gagara." Wace tsohuwa ce ba ta da waɗannan koke-koke? Nan take ta kwance bakin zani ta sayi gwangwani biyu na wani farin gari, wai na magnisiyam, wato wani sinadari da jiki ke bukata. Babu lambar NAFDAC, babu bayanin yawan abin da ke ciki. Wai cokali uku kullum.

Kwana biyu sai gudawa. Ta kira shi, ya ce, "Alhamdulillahi Hajiya, dattin ne ke fita, ki ƙara cokali ɗaya." A kwana na shida muka same ta jiki ya saki, kofin shayi ma ya gagari hannunta, magana da ƙyar. A asibiti aka ɗebi jini, aka ga magnisiyam ya yi mata yawa, domin dama ƙodarta ta raunana. Allah ya sa da sauran shan ruwa. Lambar yaron kuwa tun ranar a kashe take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sun jingina ƙaryarsu da gaskiya. Ƙofofin suna nan, na karance su a makaranta. Kowace ƙwayar halitta a naɗe take cikin wani siririn tantani na maiƙo, kuma magnisiyam ba ya iya ratsa shi, saboda yana ɗauke da caji, ga ƙwayoyin ruwa shida da yake riƙe da su kam-kam. Dole sai ta cikin wasu sinadaran furotin da ke kafe a jikin tantanin, waɗanda su ne ƙofofin. A bakteriya akwai wanda ake kira CorA, guda biyar ne ke haɗuwa su ba da siffar mazurari, an gano fasalinsa a 2006 daga wata bakteriya mai rayuwa cikin ruwan zafi, Thermotoga maritima. Akwai MgtE mai ɓangare biyu, wanda masana a Japan suka fitar da fasalinsa a 2007. A jikin ɗan Adam muna da TRPM6 a hanji da ƙoda, da TRPM7 wanda kusan ko'ina akwai shi.

To ga abin da mai gwangwani ba zai taɓa faɗa muku ba. Magnisiyam ɗin da kansa ne ke rufe ƙofar. Idan ya wadata a cikin ƙwayar halitta, sai ya manne a wasu gurabe na furotin ɗin ta ciki, ƙofar ta tsuke. Idan ya yi ƙasa, sai ya saki, ta buɗe. Kamar ƙwallon nan ne da ke cikin tankin ruwa, wanda ke tasowa ya toshe famfo da zarar tanki ya cika. Saboda haka rufaffiyar ƙofa sau da yawa alamar ƙoshi ce, kuma ɗura gari ba ya buɗe ta.

Ciwon lalacewar ƙofar akwai shi da gaske, amma na gado ne kuma ba kasafai ake samunsa ba. A 2002 aka gano cewa tangarɗa a TRPM6 ce ke sa wasu jarirai jijjiga tun a watannin farko na rayuwa. Da gwajin jini da na ƙwayoyin gado ake tabbatar da shi. Ku duba kuma: magnisiyam ɗin jikin babban mutum kusan giram 25 ne, fiye da rabi a cikin ƙashi, abin da ke yawo a jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Gwajin jinin asibiti ma ba ya nuna komai da komai, balle ƙarfe a tafin hannu.

Gudawar da suke kira wankin ciki ita ma ba wani sirri. Hanji yana tsotsar kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ne kawai na magnisiyam ɗin abinci, idan aka yawaita kason ya ƙara raguwa. Ragowar sai ya zauna a hanji yana janyo ruwa. Wanda ya shiga jini fiye da kima, ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari. Idan ƙodar ta gaza, sai ya taru, jini ya sauka, tsoka ta saki, numfashi ya ja baya, zuciya ma tana iya tsayawa. Ku tambayi kowace ungozomar asibiti yadda suke yi idan za a ba mai ciki allurar magnisiyam saboda jijjiga. Ana bugun gwiwarta a ga ko ƙafa na zabura, ana ƙirga numfashinta, ana auna fitsarinta, ga allurar kalsiyam a ajiye kusa don karya shi idan ya yi yawa. Wannan shi ne sinadarin da wani ke auna wa iyayenmu da cokalin shayi.

Namiji babba yana bukatar magnisiyam miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace 310 zuwa 320, kuma hukumomin lafiya na Amurka sun sa 350 a matsayin iyakar abin da za a sha a rana daga magungunan ƙari, ban da na cikin abinci. Gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da alayyahu duk suna ɗauke da shi, kuma na abinci ba ya cutar da mai lafiyayyar ƙoda. Mai shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ciprofloxacin ko tetracycline kuwa ya sani cewa magnisiyam na hana su shiga jiki yadda ya kamata idan aka haɗa su lokaci ɗaya.

Na kuma ji suna cewa duk wadda ta kawo mutum uku za a ba ta gwangwani kyauta. Kada ku yarda a mayar da ku dillalansu. Wanda ya riga ya saya ya dakata da sha, idan yana da ciwon ƙoda ko ya ji kasala mai yawa ya tafi asibiti da gwangwanin a hannu. Na gwaggo da ya rage yana wurina, ranar Litinin in sha Allahu zan kai shi ofishin NAFDAC.