Wata Takwas Ina Amfani da Ƙaramar Na'urar Duba Mota ta OBD2

Motata ƙirar 2004 ce, kuma duk mai tsohuwar mota ya san halin fitilar nan mai hoton inji da ke kan dashbod. Da ta kunna, gaban mutum sai ya faɗi, don bai san ko abin ƙarami ne ko kuma aljihu zai yi kuka ba. Shi ya sa na sayi 'yar na'urar nan irin ELM327, mai nuna dalilin kunnuwar fitilar, wadda ba ta fi akwatin ashana girma ba. Kuɗinta ko na cika tanki sau ɗaya bai kai ba.

Ana soka ta ne a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda ake kira OBD2, sai ta haɗu da waya ta Bluetooth, a karanta abin da ta gano a manhaja. Ni Torque nake amfani da ita. Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan soket a kan motocin da ake sayarwa a can, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Wanda motarsa ta girmi haka, ya leƙa ƙasan sitiyari tukuna kafin ya saya.

Ranar da ta fara biyan kuɗinta, injin ne ya kama karkarwa in na tsaya, mota na tafiya kamar gurguwa. Na soka ta, ta nuna lambar matsala P0302, wato silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata. A da, da sai a ce in canja fulogi huɗu da kwayil huɗu (masu ba fulogi wuta) a gwada. Ni kuwa sai na ɗauko sifana, na musanya kwayil ɗin ta biyu da na ta uku, na goge lambar, na ɗan zaga. Da fitilar ta dawo, sai ga P0303. Ciwon ya bi kwayil ɗin ke nan. Guda ɗaya tak na saya, aikin bai ci min minti ashirin ba.

To amma ta taɓa jawo min asara, ko in ce gaggawata ce ta jawo. Ta nuna P0171, ma'ana iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Ban tsaya bincike ba na je na sayi sabuwar sensar da ke jikin salansa, na ɗaura. Kwana uku fitila ta dawo. Wani dattijon bakanike ne ya kasa kunne, ya bi tiyon iska da yatsa, ya nuna min tsagewar da tsufa ya yi wa robar. “Ɗana,” in ji shi, “na'urarka ta faɗa maka inda ke ciwo, amma ba ta ce ka sayi komai ba.”

Akwai abin da ya dame ni da ita. Soket ɗin yana da wuta ko an kashe mota, don haka da na bar ta a soke na yi tafiyar kwana goma, na dawo na tarar batir ya kwanta. Kuma a tawa motar bayanan inji kaɗai take karantawa, fitilar burki ta ABS ko kallonta ba ta yi. Jabunta ma sun cika kasuwa, wata sai ta riƙa yankewa ana cikin aiki.

Manyan abubuwan da suka cinye min kuɗi a bana kuwa, ko ɗaya ba ta hango ba: shokozoba, lagireton da ke yoyo, da baƙin man da injin ke sha a hankali. Waɗannan sai ido da kunne da jan sandar awon mai duk mako.

Har yanzu a cikin aljihun dashbod nake ajiye ta, kusa da tocila. Jiya ma na ara wa ƙanena, na kuma ja masa kunne ya cire ta in ya gama.