Marubuci ko mai zane: sunan wa ya fi sayar da komik?

Ɗan'uwa, ka tambaya jiya ko sanannen marubuci ne ya fi jawo mutane ga littattafan komik, wato labaran nan da ake bayarwa da zane gida-gida, ko kuwa sanannen mai zane. Zan amsa da kasuwar Amurka, don can ne aka fi gwada dabarun biyu, kuma alƙaluman suna nan a fili. A ganina ba mutum ɗaya suke jawowa ba. Mai zane yana sa wanda ya riga ya saba shiga shagon ya ƙara zaro kuɗi. Marubucin da ya yi suna a wani fage kuwa baƙo yake kawowa bakin ƙofa.

Sai ka fara sanin yadda cinikin yake. Komik ɗin wata-wata siriri ne, labarinsa bai fi shafi 20 zuwa 22 ba, kuma a shagunan komik zalla aka fi sayar da shi. Mai shago yana yin oda tun littafin bai fito ba, bai karanta ko layi ɗaya ba, kuma galibi abin da ya yi kwantai ba ya komawa kamfani, asararsa ce. To me zai duba? Sunan da ke bango. Shi ya sa idan ka ji an ce fitowa kaza ta sayar da kwafi kaza, yawanci abin da shaguna suka ɗauka ake nufi. Wanda ya karanta daban.

Zamanin masu zane ya kai ƙololuwa ne farkon shekarun 1990. A 1990 Marvel, babban kamfanin komik na Amurka, ta ba Todd McFarlane sabon jerin Spider-Man, ya rubuta ya zana da kansa, fitowar farko ta tashi wajen kwafi miliyan 2.5. Shekara ta zagayo Jim Lee ya zana X-Men lamba 1, aka buga shi da bango iri biyar, ya haura miliyan 8. Har yau babu fitowa guda da ta kamo shi. Chris Claremont, wanda ya shafe shekara 16 yana rubuta X-Men, sunansa na kan littafin, amma ba don shi aka yi wannan rububin ba. Ƙarfin mai zane ke nan: ba ya buƙatar a yi masa talla da baki. Ka ɗaga littafin, ka buɗe shafi biyu, ido ya gama yanke hukunci kafin ka karanta kalma. Gani ya kori ji.

Da waɗannan samarin suka gane darajarsu, su bakwai suka bar Marvel a 1992 suka kafa kamfaninsu, Image Comics, cikinsu har da McFarlane da Lee da Rob Liefeld. Masu saye suka bi su zuwa ga jaruman da ba a taɓa jin sunansu ba. Spawn lamba 1 na McFarlane ya yi wajen miliyan 1.7. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da mai goyon bayan masu zane zai kawo maka, kuma ban san yadda zan rushe ta ba.

Amma miliyan 8 ɗin nan ba mutum miliyan 8 ba ne. Da yawa sun sayi bango biyar ɗin duka, wasu sun sayi katon-katon sun rufe a leda suna jiran farashi ya hau, kamar mai ɓoye hatsi. Abin da kowa ya ajiye kuwa ba ya tsada. Daga 1993 kasuwar ta fara zubewa, dubban shaguna suka rufe, Marvel kanta ta kai ƙarar karayar arziki a Disambar 1996, kodayake bashin da masu ita suka ɗora mata ya taka babbar rawa. Ga kuma matsalar hannu. Ƙwararren mai zane shafi ɗaya yake yi a rana idan abin ya yi kyau, wato littafi ɗaya a wata. Ya yi rashin lafiya ko ya shagala, littafi ya makara, kuma littattafan Image na farko sun yi ƙaurin suna wajen makara. Marubuci kuwa yana iya riƙe jeri uku ko huɗu a lokaci guda. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, da aka dami McFarlane da cewa zane ya iya ba labari ba, sai ya ɗauko sanannun marubutan komik, Alan Moore da Neil Gaiman da Dave Sim da Frank Miller, kowa ya rubuta masa fitowa ɗaya ta Spawn, daga lamba 8 zuwa 11.

Dabarar ɗauko marubuci daga waje ta yi ƙarfi ne bayan wannan faɗuwar. A 1998 Marvel ta ba mai shirya fim Kevin Smith Daredevil, jerin da a lokacin ya yi sanyi, ya kuwa farfaɗo. A 2004 Joss Whedon na talabijin ya karɓi Astonishing X-Men. Misalin da ya fi fito da abin shi ne Ta-Nehisi Coates. Ɗan jarida ne, littafinsa kan rayuwar baƙar fata a Amurka ya ci babbar lambar yabo ta ƙasa a 2015, a Afrilun 2016 ya fito da Black Panther lamba 1, Brian Stelfreeze na zane. Ya haura kwafi 250,000, ya zo na ɗaya a watan. Kusa da miliyan 8 wannan ba komai ba ne, amma zamani ya canza, kuma duba su wa suka yi maganarsa: manyan jaridu da gidajen rediyo waɗanda ba ruwansu da komik, da malaman jami'a. Babu mai zanen da zai samo maka wannan. (A yi adalci, wata guda bayan haka jarumin Black Panther ya fara bayyana a fim ɗin Marvel, don haka ba Coates kaɗai ya tura motar ba.)

Raunin wannan hanya biyu ne. Baƙon da ya zo don marubuci bai saba da jiran shafi 20 duk wata ba. Ya sayi na farko, sai ya jira a haɗa fitowa huɗu ko shida a dunƙule su littafi guda ya saya a kantin littattafai na yau da kullum, ko ya ara a laburare. Mai shagon komik bai ƙaru da shi sosai ba, kamfanin ne ya ƙaru. Na biyu, iya rubutun zube daban, iya komik daban. A nan dole ka rage surutu ka bar zane ya yi magana. Ni dai fitowar Coates ta farko-farko na ga magana ta yi wa shafi yawa, sai daga baya hannunsa ya faɗa, ya kuma riƙe jerin har 2021.

Idan kana son ganin suna tsagwaronsa, duba BRZRKR na 2021. Sunan ɗan fim Keanu Reeves ne a gaba, jarumin ma kamanninsa aka ba shi, oda ta wuce 600,000. Amma a gefensa an zaunar da tsoffin hannu, Matt Kindt a rubutu, Ron Garney a zane. Mu da muka san yadda fuskar jarumi a fosta ke sayar da fim ba za mu yi mamaki ba.

Tunda ka ce kana neman inda za ka fara, gwada Nnedi Okorafor, marubuciyar nan da iyayenta 'yan Najeriya ne. Marvel ta ɗauko ta saboda sunan da ta yi a ƙagaggun labarai, ta rubuta Shuri a 2018. Amma wanda ya ciyo mata manyan lambobin yabo na Eisner da Hugo a 2020 nata ne na kanta, LaGuardia, da Tana Ford ta zana, kuma wani ɓangare na labarin a Legas yake.