Gadar fiyezo ta jitar lantarki: wacce ta cancanci kuɗinka?

Mai jitar lantarki da ke son ta riƙa ba shi amon jitar katako, ba sai ya yi dakon jita biyu zuwa wurin wasa ba, fiyezo zai nema. Wani ɗan mitsitsin abu ne da ake binnewa a cikin kujerar da kowace tsirkiya ke hawa a kan gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jita. Tsirkiya na girgiza tana matsa shi, shi kuma yana fitar da lantarki. Sunaye uku aka fi ji: Graph Tech na Kanada, sai Fishman da L.R. Baggs na Amurka.

Ni dai Ghost na Graph Tech nake nuna wa kowa. A jita ƙirar Stratocaster ko Telecaster mai kujeru shida, kujerun kawai za ka sauya, gadarka tana nan inda take. Wayoyinsu kuma cusa su ake yi a soket, don haka in ɗaya ta yi shiru, nan take za ka gano ta. Kujerun ba ƙarfe ba ne, wani haɗi ne mai Teflon a ciki, shi ya sa tsirkiya ba ta yawan tsinkewa a bakin gada, kuma gumin hannu ba ya sa su tsatsa. Ka haɗa su da Acousti-Phonic, na'urar ƙara ƙarfin sauti mai batir ɗin bolt 9, sai ka zaɓi fiyezo, ko na'urar maganaɗisu da jitar ta zo da ita mai ɗaukar amo, ko ka gauraya. Mai son kaɗa na'urorin sarrafa sauti na kamfanin Roland masu fil 13 sai ya ƙara na'urar Hexpander ta Graph Tech. Wahalarsu ɗaya: neman hanyar da wayoyi shida za su bi, wani lokaci sai an yi huji.

Powerbridge na Fishman ba laifi, ai fiyezon kamfanin ne a jitar Parker Fly ta 1993, amma gada sukutum za ka saya. Haka X-Bridge na L.R. Baggs. T-Bridge ɗinsu kuwa na masu Les Paul ne.

Kafin ka biya, ɗauko ma'auni. Daga tsirkiya ta farko zuwa ta shida, tsohuwar ƙirar Fender kusan milimita 56 ce, yawancin na zamani da na Asiya kuwa wajen 52.5. In ka sayi masu faɗi, ba za su zauna ba ko ka yi ta dannawa.

Sai jabu, wanda shi ne ciwon. Na taɓa yin oda daga wani mai sayarwa a intanet, kwali tsaf, suna tsaf, da aka ɗaura tsirkiya biyu suna ihu, ɗaya ko tari. Da na koma masa sai ya ce ai mai gyara ne ya lalata. Wayar jabu siririya ce, tana tsinkewa daidai inda ta fito daga kujera, wurin da ba ya gyaruwa. In ka ga farashi ya faɗi rabi, araha ba ta ado. Ka nemi hoton kayan na gaske, ba wanda aka kwaso daga shafin kamfani ba. Kaya na isowa, kafin a huda komai, a jona kowace kujera da amfilifaya a ɗan ƙwanƙwasa ta, dukkansu shida su amsa da ƙarfi ɗaya. Wanda kuma ya ce maka nasa fiyezon zai yi daɗi a kowace amfilifaya ba tare da na'urar ƙara ƙarfi ba, amo siriri mai kaifi za ka samu, ka nemi wani mai sayarwa.